Rukunin da Aka Ce Su Jira

Ɗakin da Auta take aiki a asibitin asalinsa sito ne, kuma mai kula da sito bai taɓa yafe mata ba. Aronsa aka ba ta. Yana can ƙarshen baranda, bayan ɗakin wanki, da taga ɗaya da fanka ɗaya mai yawan ƙorafi, ga warin kwali da ya ƙi barin bango. A ciki akwai injin tafiya, irin wanda bel ke gudu a ƙarƙashin ƙafar mutum shi kuwa yana nan inda yake, da kekuna biyu da ba sa zuwa ko'ina, da na'ura mai wayoyi da ake manna wa mutum a ƙirji tana zana bugun zuciyarsa. Kwamitin asibiti magana ɗaya suka yi mata: in bincikenta ya nuna ɗakin yana da amfani, ya zauna, in bai nuna ba, kwalaye su dawo gidansu. Mai sito yakan leƙo jefi-jefi ya gaishe ta da fara'a, idonsa kuwa yana auna bango.

Digiri na biyu take yi a kan jinyar marasa lafiya da motsa jiki, musamman waɗanda ciwon zuciya ya taɓa kayarwa. A gida ba wanda ya taɓa faɗin sunan karatun daidai. Inna, mahaifiyarta, ta gajarce shi ta huta: digirin koya wa tsofaffi tafiya. In baƙi suka tambaya me Auta ke karantawa, sai Inna ta ce, "Abin da muka koya mata tana da shekara ɗaya, shi take sayar wa jami'a. Mu ko takardar yabo ba a ba mu ba."

Tsarin binciken ba wuya a baki. Marasa lafiyar da suka yarda an raba su biyu da ƙuri'a, don kada a ce ta tsinci masu ƙarfi. Rukuni ɗaya suna zuwa ɗakin su hau keke da inji a gabanta, tana awon jini, tana kallon zuciya. Ɗaya rukunin kuwa su sha maganinsu su ci gaba da zamansu yadda suka saba, da alkawarin in an gama za a shigo da su su ma. Su ake kira rukunin jira. Za a auna kowa a farko, a tsakiya, da ƙarshe. Abin da Auta take nema a duniya bai wuce tazara tsakanin rukunan nan ba: 'yan ɗaki su yi gaba, 'yan jira su tsaya inda suke. In babu tazarar, babu ɗaki.

Kafin ta tara mutanen ma ta sha wuya. Wanda ciwon zuciya ya kayar, danginsa ba sa barinsa ya ɗauki ko kofin ruwa. Ta zauna da mata, ta zauna da 'ya'ya, ta yi bayani har muryarta ta dushe. Wata mata ta taɓa kallonta sama da ƙasa ta ce, "Likita ya ceto mini miji, ke kuma ki ɗora shi a keke ki ƙarasa aikin?" Duk ta haɗiye. Ta san abin da motsi ke yi wa zuciya, kuma ta ƙudura sai ta nuna shi da lamba, tunda lamba ce kawai yaren da kwamiti ke ji.

Da aka gama awon tsakiya ta zuba lambobin a kwamfuta, sai layi biyu suka fito. Na 'yan ɗaki ya hau sama, yadda take so. Na 'yan jira ma ya hau sama, kafaɗa da kafaɗa da shi, kamar tagwaye za su makaranta. Ta rufe kwamfutar ta buɗe. Suna nan.

Ta ɗauka ta kai wa Farfesa, mai duba aikinta. Mutum ne da gajiya ta zauna masa a fuska, ofishinsa cike da kundayen ɗalibai har kan kujerar baƙi, don haka a tsaye ake ganinsa. Ya ɗaga tabarau ya kalli layukan.

"Injinki ya lalace," in ji shi. "Ko kuma kin cakuɗa sunaye."

"Ranka ya daɗe, na duba na sake dubawa."

"To sake dubawa. Mutum ba ya kwana a kujera ya tashi da zuciyar ɗan wasan ƙwallo."

Mako guda ta yi tana zargin injin da ba shi da laifi. Ta kira mai gyara ya kwance shi ya ɗaure, ya ce lafiyarsa ƙalau, ya ma fi shi lafiya. Ta zargi abin awon jini, ta zargi agogo, ta zargi idonta. Har abinci ya daina yi mata daɗi. Abu ɗaya ne bai zo mata a rai ba, shi ne ta zargi tsofaffin.

A cikin tsofaffin akwai biyu da ba a raba su. Ɗaya tela ne, siriri mai yawan magana, wanda ko a gadon asibiti tef ɗin awo yana wuyansa. Ɗayan tsohon direban babbar mota ne, ƙato mai sanyin hali. Gadajensu ne suka yi maƙwabtaka lokacin da ciwo ya kayar da su, suka yi ta sauraren numfashin juna har suka zama aminai. Ƙuri'a ta jefa Tela a rukunin ɗaki, ta jefa Direba a rukunin jira.

Ranar karɓar magani, Auta ta fito baranda sai ta hangi Direba ya hayo gangaren da ake tura keken marasa lafiya. Da ya kai sama sai ya tsaya, ya ɗora yatsu biyu a wuyan hannunsa, leɓɓansa na motsi, idonsa a kan agogon bango. Ba ta taɓa koya masa wannan ba.

"Baba Direba, sannu. Me kake yi haka?"

"Inji nake dubawa, Malama," ya ce yana murmushi. "Ai ba a tuƙi ba a kallon allo. In kana iya hira amma waƙa ta gagara, to kana daidai. In hirar ma ta gagara, sai ka taka birki."

Birkin nasa ne, amma sauran maganar tata ce, kalma da kalma. Ita take faɗa wa 'yan ɗaki kullum, don su gane iyakar ƙoƙarinsu.

"Wa ya faɗa maka wannan?"

Direba ya kalli silin kamar an rubuta amsar a can. "Ai... haka dai ake ji a gari."

"Baba."

"Tela ne," ya ce da ƙaramar murya. "Amma don Allah kada ki ce ni na faɗa."

Ba ta bar shi ba sai da ya faɗi wuri da lokacin da suke haɗuwa. Washegari da sassafe ta isa filin wata makarantar koyon tuƙi ta wani ƙanin Direba, wadda ba a buɗewa sai rana ta ɗaga. Fili ne mai faɗi, an jera tsofaffin tayoyi masu farin fenti inda 'yan koyo ke zagayawa, ga wata mota da ta mutu a gindin katanga. Auta ta tsaya a bakin ƙofa ta riƙe ƙarfe tana kallo.

Rukunin jira ne, kusan gaba ɗayansu, maza da mata, suna zagaya tayoyi a layi. Tela yana gaba da tef a wuya, yana tafiya da baya yana kallonsu, yadda take yi. "Sannu-sannu! Kafaɗa ƙasa! Kada a riƙe numfashi, ba gado za a raba ba!" Har siririyar muryarta yake kwaikwaya. A hannun kowa akwai 'yan jakunkuna biyu na ƙyallen da ya rage a shago, an ɗura yashi an ɗinke tsaf, maimakon ƙarafan da take ba 'yan ɗaki su ɗaga. Can sai wani tsoho ya gwada rera waƙa don ya auna kansa, ta sarƙe masa a maƙogwaro, layin ya ɗauki shewa ana cewa, "Kana daidai! Kana daidai!"

Aikin watanni ne take kallo yana zagaya tayoyi yana dariya. Haushi ya turnuƙe ta har ta ji kamar ta kurma ihu. Ta shiga filin da niyya ɗaya: ta tsayar da su, ta ce kowa ya koma gida ya zauna.

Wata dattijuwa da kowa ke ce wa Goggo ita ta fara ganinta. Ta ɗaga mata jakar yashi. "Malama! Lale! Kin san jiya na hau benen ɗana har sama? Tun da suka tare ban taɓa ganin ɗakin jikokina ba sai jiya. Ashe ƙazamai ne!"

Auta ta ajiye maganar da ta zo da ita. Ta ce, "Madalla, Goggo," da wata murya da ba tata ba, sannan ta yafito Tela zuwa bayan matacciyar motar.

"Baba Tela, ka kashe ni."

"Subhanallahi! Da me?"

"Ba an yi muku bayani ba? Waɗannan jira za su yi. Da su nake auna ku. In ku kun yi gaba su sun tsaya, shi ne shaidar ɗakin yana aiki. Yanzu ka ɗauki ɗakin a aljihu ka kawo musu nan!"

Tela ya gyara tef ɗinsa. "Malama, ki tsaya ki ji. Ni in fito daga wurinki ƙafata na ƙarfi, in biya wa Direba in tarar da shi ya sunkuya sa takalmi sai ya huta sau biyu. Matarsa ta hana shi ko buɗe taga. In zauna in sha ruwansa, in yi masa sallama, bakina a rufe? Shi kaɗai na fara nuna wa, wallahi. Shi ne ya faɗa wa Goggo a layin magani. Goggo kuwa kin san ta."

"In wani ya faɗi a nan fa?" Ta nuna filin. "Wa ke kallon zuciyarsa? Tef ɗinka? Akwai wanda zai ji garau alhali zuciyarsa na tuntuɓe, ba ya sani sai ya kai ƙasa. Ni a na'ura nake gani kafin ya ji. Don haka ake buƙatar ɗakin, Baba! Kuma yanzu kwamiti za su ce ga waɗanda ba su taka ɗakin ba sun sami sauƙi daidai da waɗanda suka taka, me za a yi da shi? Su mayar da shi sito. Waɗanda ke kwance a saman benen asibiti yau, in sun sauko, ina za su je?"

Tela ya waiwaya. Ya kalli abokinsa can yana zagaya taya, ya kalli ƙasa. Ya daɗe yana nannaɗe tef a yatsa yana warwarewa. Can fuskarsa ta washe, irin ta wanda ya gano yadda zai fitar da riga daga yadin da bai isa ba.

"To ai da sauƙi, Malama. Ranar awon ƙarshe sai su gaji da wuri."

"Baba Tela, kada in sake jin wannan maganar."

Ta faɗa, ba a ce ba ta faɗa ba. Sai dai Auta tana da muryar da take hana abu da ita, wadda ke sa ƙaton mutum ya sauko daga keke ba musu, kuma ba da ita ta yi magana ba. Tela kuwa sana'arsa ce jin bambanci tsakanin "ba na so" da "ba na so" a bakin mai kawo ɗinki. Ta juya ta fita daga filin ba ta tsayar da kowa ba.

Da yamma ta tarar da Inna a tsakar gida tana ninke wanki. Ta zube kusa da ita ta kwashe labari ta faɗa. Inna ta yi dariya har ta jingina da bango, tana share hawaye da hannun rigar wani.

"Wato fushi kike don sun sami sauƙi?"

"Inna, ba ki gane ba."

"Na gane sarai. Kin haɗa tsofaffi a layi ɗaya na karɓar magani, kin ba rabi sirri, kin ce su riƙe. Ke a ina kika girma? Ni in maƙwabciya ta sami abin da ya yi wa gwiwarta amfani ta ɓoye mini, ai mun ɓata ke nan har abada."

"Ba sirri ba ne, tsari ne! Haka ake yi a ko'ina!"

"To a ko'ina ɗin ba su da abokai."

Auta ta ja tsaki ta fizgi zani ta hau ninkewa da ƙarfi kamar shi ya yi mata laifi. Hannun Inna ya tsaya a kan wankin. Mahaifin Auta ma ciwon zuciya ne ya kayar da shi, tana sakandare. Aka kwantar da shi, aka kewaye shi da matasai, ko buta ba a bari ya ɗauka, duk don ƙauna. Ƙafafunsa suka narke a gado tun kafin zuciyar ta sake bugawa.

"Da a lokacin babanku an sami wani tela mai dogon baki..." in ji Inna. Ba ta ƙarasa ba. Ta ɗauki kwandon ta shiga ɗaki.

Farfesa bai yi faɗa ba da ya ji. Da ma ya yi, da ta fi jin daɗi. Ya cire tabarau ya murza ido, ya yi wata gajeriyar dariya marar daɗi.

"Jakar yashi," ya ce. "Kai, jama'a."

"Ranka ya daɗe, ko a sake daga farko da wasu?"

"Da wane lokaci? Aron ɗakin yana ƙarewa da zangon nan. Kuma hana mutum tafiya ba ya cikin ikonki, ba ya cikin nawa. Digiri kam za ki samu. Ki rubuta abin da ya faru, masu jarrabawa za su yi gunaguni su ba ki gyare-gyare. Ɗakin ne ban ga hanyarsa ba."

"In na yi wa kwamiti bayani fa? Ai daga ɗakin abin ya fito."

"Kin taɓa zama da su? Shafin ƙarshe suke buɗewa. In sun ga layi biyu a manne, an gama." Ya mayar da tabarau. "Sai dai in awon ƙarshe ya buɗe tazara, wanda ban zata ba. A ƙa'ida wanda bai san rukunin kowa ba shi ya kamata ya yi awon. Ba mu da shi. Ke ce dai, kuma na amince da ke."

Ta fito tana jin maganar nan ta ƙarshe ta fi duk kundayen ofishin nauyi.

Makonnin da suka rage sun wuce mata cikin ƙunci. Ta yi wa 'yan ɗaki tsawa a kan abin da bai kai ba. Ta ƙara musu nauyi ko za su tsere wa 'yan jira, sai ta ji kunyar kanta ta rage. Tela ya zama mai ladabi fiye da kima, yana hawa kekensa ba surutu, in sun haɗa ido sai ya ɗan gyaɗa kai kamar masu wata yarjejeniya. Duk lokacin da ta buɗe baki za ta ce masa wani abu, sai ta tuna bangon da mai sito ke aunawa, ta rufe.

'Yan ɗaki aka fara aunawa, kuma sun yi kyau. Sannan ranar 'yan jira ta zo. Suka jeru a benci a baranda cikin kayansu masu kyau, shiru kamar masu jiran alƙali, har da Goggo da ba ta iya shiru. Tela ma ya zo, wai rakiya. Direba ne na farko.

Awon ba shi da wani sirri. Mutum ya hau bel, inji ya riƙa ƙara sauri da tudu kaɗan-kaɗan, har ya ce ya gaji, ko ita ta ga abin da bai yi mata ba a zanen zuciya ta danna jan maɓalli. Inda ya tsaya shi ne lambarsa. Ta manna masa wayoyi a ƙirji, ta ɗaura masa abin awon jini, ta kunna.

Direba ya kama tafiya, manyan ƙafafunsa na sauka daidai, kafaɗa ƙasa, numfashi a sake. Ta ji haushin yadda tafiyar ta yi kyau. Ya zo daidai inda ya tsaya a awon farko, ranar da ya riƙe ƙarfe yana haki kamar zai shiɗe. Yau ko zufa bai fara ba. Sai ya waiga ƙofa, ya sunkuyo da kai wajenta.

"Malama," ya raɗa, "nan ne?"

"Ina?"

"Inda zan gaji. Tela ya ce kina buƙatar mu gaji da wuri, bai dai faɗi dalili ba. Ya ce daidai inda muka tsaya da farko. To ni na manta wurin. Ki yi mini alama kawai, ko tari ne. Sauran ma ni suke jira su ga yadda ake yi."

Auta ta kalli na'ura. Zanen yana tafiya sumul, ba tuntuɓe ko ɗaya. Jini daidai. Babban yatsanta yana kan jan maɓalli, ba ta ma san lokacin da ya je can ba. Tari ɗaya. Ba wanda zai sani, ba wanda zai cutu. Tsofaffin nan su ci gaba da zagaya tayoyinsu, layukan su rabu, ɗakin ya zauna. Kuma ai ba ƙarya ba ce can-can, ta ce wa kanta, ɗakin yana aiki, ta fi kowa sani. A sama da kanta, a hawa na biyu, akwai mutane kwance yanzu haka da danginsu ke shirya musu matasai. Maƙogwaronta har ya fara yi mata ƙaiƙayi.

Direba yana ta tafiya yana kallon bakinta. Ƙaton mutum, wanda a 'yan watannin baya takalmi ke gagararsa, yana jiran a ba shi izini ya koma marar lafiya. Abin ya ba ta takaici fiye da komai: Tela, da kwamiti, da mai sito, da ita kanta da ta yi makonni tana barin maganar nan tana girma.

"Baba, ka gaji?"

"In faɗi gaskiya?"

"Ita nake tambaya."

"Wallahi ko totur ban taka ba tukuna."

Ta ɗauke yatsanta daga maɓallin. "To ci gaba."

"Amma Tela ya ce..."

"Tela ne ke awon ko ni?" Wannan karon da muryar nan ta yi magana, har fanka ta ji. Ba ta ɗauke ido daga na'ura ba ta miƙa ƙafa ta tura ƙofa ta buɗe. "Ku na baranda, ku saurara! Duk wanda ya hau injin nan ya gaji mini gajiyar ƙarya, a zanen nan zan gani, kuma sai ya sake daga farko. Baba Tela, kana jina?"

Daga baranda wata 'yar murya ta ce, "Ina ji, Malama."

Inji ya ƙara tudu. Direba ya gyara tsayuwa ya taka. Ya wuce lambarsa ta tsakiya. Zufa ta karyo masa, ya fara hira da ƙyar, yana ba ta labarin wani hawa da ya taɓa yi da mota cike da siminti. Ya wuce inda yawancin 'yan ɗaki suka tsaya. Kowane ƙarin sauri Auta tana jin sa a cikinta, tana kuma cewa, "Da kyau, Baba, kafaɗa ƙasa," don aikinta ke nan. Ya wuce lambar Tela. Sai da labarin siminti ya yanke a tsakiya sannan ya ɗaga hannu, ta rage masa gudu a hankali har bel ya tsaya.

Ya zauna a kujera yana haki, baki har kunne. Ta rubuta lambar, ta danna biro har ya huda takarda.

"Na yi ƙoƙari, Malama?"

"Ka yi."

"Madalla." Ya shafa ƙarfen injin kamar yana shafa sabuwar mota. "To yanzu tunda an gama, yaushe namu zai fara a ɗakin nan? Kin yi mana alkawari. Ni keken can nake so, na kusa da taga."

Ta durƙusa tana ɓamɓare masa wayoyi daga ƙirji ɗaya bayan ɗaya, a hankali don kada ta ja masa gashi. Idonta ya cika, ta ƙi ɗagowa.

"Ba za a yi a ɗakin nan ba, Baba. Sito zai koma."

"Sito? Saboda me?"

"Saboda ka yi ƙoƙari."

Ya kalle ta, ya kalli injin, murmushin na sauka daga fuskarsa kaɗan-kaɗan. Ya buɗe baki, ta riga shi.

"Sa rigarka. Kuma ka faɗa wa abokinka, daga gobe ba mai ɗaga ko jakar yashi ɗaya a filin nan sai na iso da abin awon jini. In na zo na tarar an fara, ni da shi ne."

Ta goge ƙarfen injin da tsumma, ta warware wayoyin, ta leƙa baranda ta kira Goggo.